Gayyar karɓa-karɓa: yadda ake kafa ƙungiyar manoma da yadda ake riƙe ta

Duk shekara, da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a raba taki ko bashin noma, sai ƙungiyoyi su tsiro a ƙauyukanmu na ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bichi. A sassaƙa hatimi, a buga takarda mai suna a kai, a naɗa shugaba da ma'aji, a tattara hotuna. Kafin gero ya shiga rumbu yawancinsu sun watse, wasu ma sun bar gaba tsakanin mutanen da suke sallah a sahu ɗaya. An ga haka a zamanin shirin Fadama, an sake gani a shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiya a unguwarmu, kuma duk matasan da suka zo neman shawara kuskurensu iri ɗaya ne: suna farawa da kuɗi da muƙami, aiki kuwa sai daga baya.

Ku dubi ƙasar da muke nomawa. Tun a shekarun 1960, lokacin da masani Michael Mortimore ya yi bincikensa a karkarar da ke kewaye da Kano, ya tarar kusan kowace gona ana nome ta duk shekara, ba a barin saura ta huta. Yau gado ya ƙara yanyanka gonakin, mutum yana da ɗaya a bayan gida, ɗaya a jigawa, wata kuma can bakin burtali. Ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Kowa kusan rana ɗaya yake shuka, saboda haka kowa mako ɗaya ciyawa take taso masa. A makonnin noman fari babu abin da ya kai hannu tsada, ɗan ƙwadago ma sai ka yi kamun ƙafa. Maganin feshi bai raba mu da fartanya ba, domin gonar da aka haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa ba ta ɗaukar feshi barkatai.

Aikin shugaban manoma a irin wannan ƙasa shi ne rabon waɗannan 'yan kwanaki da adalci. Ƙungiyar da ta iya raba kwanaki za ta iya raba taki da kuɗi. Shi ya sa wannan jagora ta fara daga gona, asusu ya biyo baya.

Abubuwan da za a tanada

Mutane 10 zuwa 12 waɗanda gonakinsu ba su yi nisa da juna ba, kuma kowannensu da kansa yake riƙe fartanya.

Littafi mai kauri ɗaya da biro. Da boko ko da ajami, duk wanda mafi yawan mutanen suke iya karantawa. Kada a yi rubutu a takardu warwatse.

Tiya ɗaya da kowa ya yarda da ita, a yi mata alama, ta zama ita kaɗai ce ma'aunin ƙungiya.

Kayan aiki na kowa da kowa: fartanya, garma, sungumi, lauje, magirbi. Kowa ya zo da nasa a wase. Ƙungiya ta tanadi jarkar ruwan sha da ɗan kayan ɗaure rauni.

Akwati mai kwaɗo biyu, da ɗakin ajiya wanda ba ya yoyo.

Dattijo ɗaya da ba ya cikin ƙungiya, wanda za a kai wa ƙara in abu ya gagara. Liman ko mai unguwa ko sarkin noma, duk wanda mutane suke jin nauyinsa.

Wurin zama da ba na kowa ba: gindin darbejiyar masallaci ko harabar makarantar firamare. In aka saba zama a zauren mutum ɗaya, sannu a hankali ƙungiyar takan zama tasa, kuma ba a iya musa wa mutum magana a kan tabarmarsa.

1. A zaɓi mutane da rani, a kuma tsaya a kan adadi kaɗan

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu zuwa farkon Mayu ne lokacin wannan magana, sa'ad da 'yan cin rani suka fara dawowa, ana sassabe, ana kai taki gona da mangala da amalanke. Wanda ya bari sai ruwa ya sauka zai tarar kowa hankalinsa yana gonarsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara jama'a. Ana ganin ƙungiya mai mutum 40 ta fi kwarjini a gaban hukuma. To, ku yi lissafi. In gayya tana gama gona ɗaya a safiya ɗaya, mutum 12 suna buƙatar safiya 12, in aka cire Juma'a mako biyu ke nan. Mutum 30 kuwa sai an haura wata, kuma kafin a zo kan na ƙarshe ciyawa ta riga ta shaƙe masa gero. Wannan mutumin ba zai jira ba. Zai janye ya tafi gonarsa, na kusa da shi a jeri ma ya bi shi, shi ke nan gayya ta tsinke daga wutsiya. In masu so sun yi yawa, a yi ƙungiya biyu, kowace da jerinta.

Wajen zaɓe, a duba abu uku: yana cika alkawari, gonarsa tana kusa, kuma shi ne mai iko da safiyarsa. Saurayin da yake cikin gandun mahaifinsa ba shi da wannan iko, don haka sai an je an nemi izini. A je da ladabi a ce, “Baba, muna roƙon a ba mu aron Yaya safiya goma sha biyu, mu kuma ranar da jeri ya zo kansa gonar gandu za mu shiga.” In uba ya amince a gaban mutane, magana ta zauna. In aka tsallake shi, ranar da aka fi buƙatar yaron ita ce ranar da za a aike shi wani wuri.

Attajirin da zai riƙa turo 'yan ƙwadago a madadinsa, a ba shi haƙuri. Yana da amfani ta wasu hanyoyi, amma wanda bai sunkuya tare da ku ba ba zai san ciwon makara ba.

2. A gaida masu gari kafin a fara

A je wa mai unguwa, shi kuma ya kai ku wurin dagaci in ya ga dama. “Ranka ya daɗe, mun haɗa kai ne za mu riƙa taya juna noma, muka ce ba za mu fara ba sai ka sa mana albarka.” Wannan ya isa. Amfaninsa yana zuwa ranar da rikicin iyaka ko na bashi ya taso, domin mai gari ba ya son a kawo masa ƙarshen maganar da bai ji farkonta ba. Sai dai a kiyaye, girmamawa ce aka je yi, kada a ba shi kujerar shugabanci. Wanda ba za ka iya tambayarsa lissafi ba, kada ka ɗora shi a kan lissafi.

3. A raba muƙami huɗu, kada mutum ɗaya ya haɗa biyu

Shugaba shi ne mai kiran taro da tsare jeri. Magatakarda yana riƙe littafi. Ma'aji yana riƙe akwati. Na huɗu shi ne jagoran aiki, mai tsara mutane a gona, kuma shi aka fi mantawa da shi alhali shi ne ƙashin bayan gayya.

Mutanenmu sukan zaɓi shugaba saboda shekaru, ko dukiya, ko don ya iya turanci zai iya shiga ofis. Ni abin da nake dubawa daban ne. Wa yake fara isa gona? Wa zai iya kallon ƙanin mahaifinsa ya ce, “Kawu, ka yi haƙuri, yau ba ranarka ba ce,” kuma Kawu ya haƙura? Wa yake sauraron magana har ƙarshe kafin ya ba da amsa? Wanda ya haɗa waɗannan shi ne shugaba, ko da gonarsa ce mafi ƙanƙanta.

Kada magatakarda da ma'aji su fito daga gida ɗaya, ko da kuwa dukansu mutanen kirki ne. Wannan kariya ce gare su, domin ranar da lissafi ya ɗan karkace ba wanda zai ce sun haɗa baki. Kowa ƙuri'arsa ɗaya, mai buhu 50 da mai buhu 5. Wannan ƙa'ida ce da masaƙan garin Rochdale na Ingila suka kafa ƙungiyarsu a kanta a 1844, kuma har yau ita ƙungiyoyin gama-kai na duniya suke bi. A yanka wa'adi tun ranar farko, damina biyu, sannan a sake zaɓe. Sauke shugaban da ba a yanka wa wa'adi ba sai an yi rigima.

4. A tsara jeri, a rubuta shi, a karanta wa kowa

Nan ne ƙungiya take rayuwa ko ta mutu, don haka zan daɗe a kansa.

Da farko, a auna da lokaci, kada a auna da gona. Gonaki ba ɗaya ba ne, wani tasa safiya ɗaya ta ishe ta, wani sai uku. In aka ce sai an gama gonar kowa, mai ƙaramar gona ya zama bawan mai babba, kuma zai gane hakan kafin mako ya ƙare. Ƙa'idar ita ce kowa yana da safiya ɗaya, daga bayan sallar asuba da an karya zuwa kiran azahar. Abin da ya rage mai gona ya ƙarasa da iyalinsa ko ya ba da jinga. Wanda aka gama tasa da wuri, sauran lokacin nasa ne, ya kai gayya wata gonarsa ko ya bayar da shi ga wanda ya so. Yamma kuwa ta kowa ce, ya je gayaunarsa.

Na biyu, wa za a fara yi wa? A raba mutane gida biyu bisa ga shukarsu. Waɗanda suka yi binne, wato suka shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, tsironsu ya riga na kowa, ciyawarsu ma haka, su ne a gaba. A cikin kowane rukuni kuma a jefa ƙuri'a a gaban kowa: a rubuta sunaye, a zuba a hula, a kira ƙaramin yaro ya ɗebo. Ƙuri'a tana kashe zargi tun bai haihu ba.

Na uku, shugaba ya cire sunansa daga hula, ya sa kansa a ƙarshe a shekarar farko. Na san wannan da nauyi, domin gonar ƙarshe ita ce ta fi shan ciyawa. Amma shugaban da gonarsa take ƙarshe ba zai bari gayya ta yi sanyi a rana ta takwas ba, kuma ba wanda zai iya zamewa bayan an yi masa alhali shugaba yana nan yana jiran tasa. Babbar cutar karɓa-karɓa ke nan: wanda aka riga aka yi wa sai ciwon baya ya kama shi, ko suna ya taso a wani gari.

Na huɗu, kada a juya jeri a maimai. Masu farawa sukan ce, don adalci, wanda ya zo ƙarshe a noman fari shi zai zama na farko a maimai. Niyya ce mai kyau, amma gona ba ta yarda da ita ba. Gonar da aka nome jiya ba ta buƙatar maimai yau, wadda aka nome mako biyu da suka wuce ita ce take kira. Maimai ya bi jerin noman fari. Juyawa sai shekara mai zuwa, na ƙarshen bana ya zama na farkon baɗi, kuma a rubuta haka a littafi tun yanzu.

Na biyar, a bar wa ruwa ƙofa. In aka kwana ana ruwa, jigawa tana nomuwa da safe, amma ƙasa mai laka sai ta sha iska, in aka shige ta a jiƙe ciyawar da aka sare sai ta sake kamawa. A yarda tun farko cewa jagoran aiki yana da ikon musanya mutum biyu da suke kusa a jeri saboda wannan dalili kaɗai, ya kuma sanar da dare. Haka nan a cire ranar kasuwar da mutanenku suke ci. Mu da muke kusa da Dambatta ba ma sa aiki ranar Lahadi, domin mun san rabin mutane ba za su zo ba.

5. Ranar aiki

Mai gona ya riga kowa zuwa. Kafin a sunkuya, ya zaga da jagoran aiki ya nuna masa iyaka, inda gamba ko aguwa ta raba shi da maƙwabci, ya nuna layin da ya sa wake da inda ya yi gicci, da 'yan itatuwan gawo da yake raino. Gayya tana da sauri, kuma fartanyar da ba a gaya mata ba ba ta bambanta tsiron wake da ciyawa. Kunya ɗaya da aka ci ta maƙwabci tana iya kai mutane gaban dagaci.

Jagora ya jera mutane kowa da kunyarsa, da tazarar da fartanyar wani ba za ta sami ƙafar wani ba. Kada a sa wanda ya fi kowa sauri a gaba. In aka yi haka samari sukan ɗauka tsere ne, su riƙa binne ciyawa maimakon sare ta, bayan kwana uku gona ta koma kore shar kamar ba a taɓa ta ba. A sa mai matsakaicin hannu wanda aikinsa yake da tsabta, kowa ya daidaita da shi. Masu ƙarfi a sa su a gefe biyu, in sun kai ƙarshen kunyarsu su juyo su tari dattawa. Mutum ɗaya kuma ya riƙa bi a baya yana dubawa, yana tone tsiron da ƙasa ta danne. In ya ga aikin wani bai yi ba, ya matsa kusa ya ce a hankali, “Malam, a ɗan koma wa wannan layin,” ba tare da ya ɗaga murya ba. Gyaran da aka yi wa mutum a bainar jama'a ba ya manta shi, ko da ya gyara.

Gangar noma tana da daɗi, tana kuma tayar da tsimi, wanda ya taɓa jin an kira sunan kakansa yana tsakiyar kunya ya san haka. Amma wurinta babbar gayya ce ta rana ɗaya, irin wadda ake kai wa suruki ko mai gari. A karɓa-karɓa ta kullum ba a buƙatar ta.

Abinci ma a yanka masa ƙa'ida: kunu ko fura da ruwan sha, shi ke nan, kowa iri ɗaya. In aka bar shi a buɗe, wannan ya yi tuwo da miyar kuka, na gaba ya yi shinkafa da nama don kada a raina shi, na uku ya ci bashi, na huɗu ya ce a tsallake shi don kunya. Gayya da yawa tukunya ce ta kashe su. Kuma a tuna matan gida ne suke wannan dahuwa, a gaya musu da kwana biyu, a ba su hatsin a kan lokaci.

A kula da lafiya. Kada a shiga gonar da aka yi wa feshi jiya. Lokacin girbi a ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu, saboda kunama da maciji. In maciji ya sari mutum, a bar tsaga da tsotsa da ɗaurin igiya, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗora shi a babur zuwa asibiti. A san tun da safe babur ɗin wa yake da mai.

6. Wanda bai zo ba

A bambanta uzuri da zamewa. Rashin lafiya, rasuwa, haihuwa, waɗannan ba a tara a kansu, kuma in jeri ya zo kan mai jinya a yi masa aikinsa cikakke. Ita wannan ranar ce take sa mutane su san ƙungiyar tasu ce. In ɗan ƙungiya ya rasu da damina, a ƙarasa wa iyalinsa noman shekarar har girbi.

Wanda ya ƙi zuwa haka kawai, a bi shi daki-daki. Karo na farko shugaba ya same shi shi kaɗai ya ji dalili. Na biyu ya biya kuɗin ƙwadagon safiya ɗaya, a ba wanda aka yi wa aiki ba tare da shi ba. Na uku a mayar da shi ƙarshen jeri. Sai a na huɗu za a yi maganar sallama, ita ma a gaban dattijon da aka zaɓa. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 saboda nazarin yadda jama'a suke tafiyar da abin da suka mallaka tare, ta lura cewa ƙungiyoyin da suka daɗe suna fara hukunci da sauƙi ne sannan su ƙara. Dalilin a fili yake a ƙauye: wanda kuka kora yau, gobe za ku haɗu da shi a jana'iza da ɗaurin aure. Sai dai sassauci yana da iyaka. In aka yafe wa ƙanin shugaba tara sau ɗaya, an gama karɓar tara a wannan ƙungiya.

7. Sai an ga kaka sannan a buɗe asusu

Bayan kun yi noman fari da maimai da girbi tare, kun san juna. Yanzu ne za a yi maganar zubi. Zubin hatsi ya fi na kuɗi sauƙi, domin da kaka kowa yana da wake, kuɗi kuwa ba kowa ba. A ce kowa ya kawo tiya 10 ta wake, mutum 12 sun tara tiya 120, buhu 3 ke nan a lissafin tiya 40. A auna da tiyar ƙungiya a gaban kowa, magatakarda yana rubutawa, mai zubi yana sa hannu ko ya dangwala.

A tabbata waken ya bushe sarai, a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ƙwari suna mutuwa a ciki don rashin iska, matuƙar ba a riƙa buɗewa ba. Kada a zuba wa wake fiya-fiya ko wani maganin feshi. Guba ce ga mai ci, kuma irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Tun ranar ajiya a yanke watan da za a sayar da kuma abin da za a saya da kuɗin. Kafin a sayar a aiki mutum biyu su jiyo farashin kasuwar Dawanau, kada a dogara da bakin dillali ɗaya. Taki kuma a saye shi da rani kafin ya yi tsada, a wurin dila sananne, a buɗe buhu ɗaya a duba kafin a biya. Wanda zai je saye kada ya tafi shi kaɗai, ya kuma dawo da rasit.

Makullin akwati ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannun wani da ba shi da muƙami. Kada a riƙa tura kuɗin ƙungiya cikin asusun wayar ma'aji, domin yana cakuɗewa da nasa, ranar da yaronsa ya kwanta rashin lafiya zai taɓa da niyyar mayarwa. Duk bashin da aka bayar a rubuta shi da shaidu biyu da ranar biya. Wasu suna jin kunyar rubuta wa ɗan'uwa bashi, sai a tuna musu ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Masu muƙami kada su ci bashin asusu sai kowa ya samu. A kowane taro magatakarda ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, sannan a buɗe akwati a ƙirga, ko da ba wanda ya nema. Ranar da aka fara cewa ai mun yarda da juna ba sai an ƙirga ba, daga ranar ake fara ɓata.

A nan mata sun riga mu nisa. Uwar adashe tana riƙe zubin mata 20 shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Su ne kuma masu awaki da tumakin da suke cin harawarmu suna ba mu taki, su ne masu sayen gyaɗa su yi mai da ƙuli-ƙuli. In suna da ƙungiyarsu, a yi ciniki da ita a kan farashin kasuwa, kuɗinsu kuma ya zauna a hannunsu.

8. Rajista da baƙi masu kawo tallafi

Sai ƙungiya ta ci damina ɗaya da kaka ɗaya sannan a nemi rajista. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 tana neman aƙalla mutum 10, ana kuma son a ga dokokinku a rubuce da bayanan taronku, waɗanda duk suna cikin littafinku in kun bi matakan baya. Da takardar rajista ake buɗe asusun banki, a sa mutum uku masu sa hannu. Ku nemi malamin gona na hukumar KNARDA da ke kula da yankinku ku gabatar da kanku, ta hannunsa ake jin labarin sabon iri da gonakin gwaji, irin waɗanda ƙungiyar Sasakawa take yi a Kano tun 1992, da irin waken da cibiyar binciken noma ta IITA take gwadawa a gonarta ta Minjibir.

Duk wanda ya zo da tallafi, a yi masa tambaya uku a gaban kowa: kyauta ne ko bashi, in bashi ne yaushe za a biya kuma da me, sannan in ɗayanmu ya kasa wa za a kama? Shugaba kada ya sa hannu a kan komai shi kaɗai. Kada a ƙara sunayen mutanen da ba sa cikin jeri don a cika adadin da baƙo yake so, domin bashin da suka ci a wuyanku zai kwana. Lokacin zaɓe kuma kowa ya yi jam'iyyarsa a waje, hatimin ƙungiya ya zauna a akwati.

9. Taron bayan kaka da miƙa ragama

A yi shi a watan Disamba, kafin samari su tafi cin rani ko su gangara noman rani a Tomas da Watari. A karanta littafi daga farko: wa ya zo, wa ya yi fashi, nawa aka tara, wa ake bi. Shugaba ya yi shiru, a fara jin bakin ƙaramin cikinku, a hau zuwa babba, domin in dattijo ya riga ya yi magana yaro ba zai musa ba. Kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so a sauya. Abin da aka amince da shi a rubuta, a sa kwanan wata.

In wa'adi ya cika, a yi zaɓe a ranar. Tsohon ma'aji ya ƙirga kuɗi da buhuna a gaban dattijon da aka zaɓa, sabon ya karɓa ya sa hannu, a miƙa makulli da littafi da tiya. Tsohon shugaba ya koma cikin jeri kamar kowa. Kafin a tashi, magatakarda ya juya jerin bana ya karanta na baɗi, a kuma sa ranar da za a haɗu a watan Afrilu don a ga wanda ya dawo da wanda za a maye gurbinsa.